Shafin yanayin sararin samaniya na NOAA: jan layi guda ya fi sauran shafin amfani

Cibiyar hasashen yanayin sararin samaniya ta NOAA, hukumar Amurka mai lura da teku da yanayi, cibiyar da ake taƙaita sunanta da SWPC, tana garin Boulder a jihar Kolorado ta Amurka, kuma aikinta dare da rana shi ne sa wa rana ido. Duk abin da ta gani tana zuba shi a shafinta na intanet kyauta, babu talla, babu cewa sai ka biya kafin ka ga sauran. Ni mai sauraron rediyo ne a gajeren zango, irin mutanen nan da ke miƙa doguwar waya a sama su kwana suna farautar tashoshi masu nisa, kuma na daɗe ina duba shafin don in san daren da ya cancanci a hana ido barci da wanda gara a kashe rediyon a kwanta. Hukuncina a kansa bai da tsawo. Ban san inda ya fi shi ba, amma abin da ya fi daraja a cikinsa ba shi aka sa a gaba ba, kuma mutum na iya shekara yana leƙa shafin bai taɓa ganinsa ba.

Da ka buɗe shafin farko, haruffa uku ne za su tare ka, R da S da G, kowanne da lamba daga 1 zuwa 5. R na nuna katsewar rediyo idan rana ta yi walƙiya, S na nuna ruwan ƙwayoyin proton masu gudun tsiya, G kuma ita ce guguwar maganaɗisu, wato girgizar da maganaɗisun duniya ke yi idan iskar rana ta samu shiga cikinsa. Tun 1999 hukumar ta fito da wannan ma'auni, kuma ya yi aikin da aka yi shi dominsa: injiniyan wutar lantarki ko ma'aikacin jiragen sama zai kalli lamba ɗaya ya san ko akwai magana. Lambar G daga wani tsohon ma'auni ake ɗauko ta, Kp, wanda Bajamushe Julius Bartels ya tsara a 1949. Kp 5 shi ne G1, a haka har Kp 9 wanda shi ne G5. Matsalar Kp ita ce awa uku-uku ake lissafa shi, daga abin da na'urorin ƙasa suka riga suka ji. Cibiyar na rage jinkirin da ƙiyasin da take sabuntawa a cikin awa ukun, amma duk da haka, ga wanda yake son sanin abin da ke tafe, sandunan Kp masu launi ihu ne bayan hari. Su ne kuma mutane suka fi ɗaukar hotonsu suna yaɗawa.

Inda nake zama shi ne shafin iskar rana na kai tsaye. Rana ba haske da zafi kawai take fitarwa ba. Kullum tana hura ƙwayoyin proton da elektron ta kowane ɓangare, kuma wannan iskar tana jan maganaɗisun rana tana tafe da shi. Eugene Parker ne ya yi hasashenta a 1958, masana da yawa suka ƙi yarda, sai da kumbon Mariner 2 ya auna ta a hanyarsa ta zuwa duniyar Zuhura a 1962 gardama ta ƙare. A ranar da babu wani abu, tana wuce mu da gudun kilomita 400 a daƙiƙa ko kusa da haka, ƙwayoyi kamar biyar a kowane murabba'in santimita mai zurfin santimita guda, ƙarfin maganaɗisunta kuma wajen nanotesla 5. Waɗannan lambobi uku ya kamata mutum ya haddace kafin komai, don da su zai gane ranar da abu ya sauya.

Ana auna su ne a wani wuri da ake kira L1, kilomita miliyan 1.5 daga duniya ta wajen rana. Shekaru da yawa kumbo biyu ne ke wannan gadin: ACE da aka harba a 1997, da DSCOVR da aka harba a Fabrairun 2015. Lissafin lokacin gargaɗi kowa zai iya yi da kansa. Iskar da ke gudun kilomita 400 a daƙiƙa tana cin kimanin awa guda daga L1 zuwa nan, mai gudun 800 kuma rabin awa. Ke nan mafi haɗarin iska ita ce mafi ƙarancin sallama. Iyakar tabbataccen sanin da ɗan Adam ke da shi ke nan game da abin da zai same shi daga rana, kuma wannan shafin ne ke nuna maka shi, ana sabunta shi minti-minti.

Zanen yana da hawa-hawa, layuka suna tafiya daga hagu zuwa dama. A hawan sama akwai layuka biyu tare: Bt, wato jimillar ƙarfin maganaɗisun da ke cikin iskar, da Bz, wanda aka yi wa jan launi. Ƙasa da su akwai kusurwar Phi, mai nuna ko maganaɗisun iskar na kallon rana ko ya ba ta baya, sai yawan ƙwayoyi, sai gudu, sai zafi. Kana iya zaɓar ganin awa biyu da suka wuce, ko shida, ko kwana guda, ko mako. Sabon shiga idonsa kan gudu yake faɗawa, don lambar tana da girma kuma ana gane ta. Ni idan aka ce in zaɓi layi ɗaya a share sauran, jan layin zan ɗauka ba tare da na yi tunani ba.

Bz na nuna inda maganaɗisun iskar ke kallo, arewa ko kudu. Idan layin yana sama da sifili, arewa ne, idan ya nutse ƙasa, kudu ne. Maganaɗisun duniya, a gefen da ke fuskantar rana, arewa yake kallo. Idan baƙon ya zo shi ma yana kallon arewa, yawancinsa zamewa yake yi ya wuce ta gefe. Idan kuwa kudu yake kallo, layukan biyu sun saɓa wa juna, sai su tsinke a inda suka haɗu su ƙulle da juna, hanya ta buɗe. Iskar ta ja waɗannan layuka zuwa bayan duniya, gefen dare, ƙarfi ya taru a can, ya saki, ƙwayoyi su kwararo suna zagaye duniya kamar zobe. Wannan zoben na lantarki shi ke raunana maganaɗisun da ake aunawa a ƙasa, kuma shi ne zuciyar guguwar. James Dungey ya bayyana wannan tun 1961. Gudu da yawan ƙwayoyi su ne ƙarfin bugun ƙofa, Bz shi ne ko an zare sakata. Kana iya bugu har hannunka ya kumbura.

Shi ya sa lissafin da na fi yi a gaban shafin ɗan ƙarami ne. Ɗauki gudu, ninka shi da zurfin Bz a kudu, raba da dubu. Abin da ya fito shi ne ƙarfin lantarkin da iskar ke ɗora wa duniya, a ma'aunin milivolt a kowace mita. Iska mai gudun 700 wadda Bz ɗinta ke -4 ta ba ka 2.8. Wadda ke tafiyar hawainiya a 400 amma Bz ɗinta ya kai -20 ta ba ka 8, kusan ninki uku. Mai gudun 900 da Bz a arewa kuwa, a wannan lissafin sifili ce. Burton da McPherron da Russell sun nuna a 1975 cewa da irin wannan lissafin ana iya bin sawun guguwa awa bayan awa, kuma zoben ba ya fara cika sai lambar ta haura rabin milivolt. Gonzalez da Tsurutani suka ƙara a 1987 da wata ƙa'idar da har yau ake aiki da ita: Bz ya sauka ƙasa da -10 ya zauna fiye da awa uku, to babbar guguwa ta samu. A lura da zaman. Nutsewar minti goma zuwa -25 ba ta kai zaman awa biyar a -12 ba, domin zoben a hankali yake cika, kuma da an daina zuba masa yake fara tsiyayewa, cikin awoyi ya ragu.

Tarihi ya ba da misalan da suka fi kowane lissafi gamsarwa. A ƙarshen Oktoban 2003 rana ta yi aman da ake kira CME, wato ta cillo wani ƙaton gajimaren ƙwayoyi da maganaɗisu, sau biyu a jere, kowanne ya iso cikin awa 19 ko kusa, gudunsa na neman kilomita 2,000 a daƙiƙa. An yi guguwa mai tsanani, wuta ta ɗauke a birnin Malmö na Suwidin, taransifomomi suka lalace a Afirka ta Kudu. Ma'aunin Dst, wanda ke auna ƙarfin zoben nan kai tsaye, ya sauka zuwa -383. Mako uku bayan haka, ranar 20 ga Nuwamba, wani gajimaren ya iso da gudun da bai kai rabin na farko ba, amma Bz ɗinsa ya yi zurfin kusan -50 ya kuma zauna awoyi. Dst ya kai -422, ya zarce na Oktoba. Sai kuma Agustan 1972, lokacin da aka ga aman da ya fi kowanne sauri a tarihin da aka rubuta, awa 14.6 kacal daga rana zuwa duniya. Bugun da ya yi wa maganaɗisun duniya ya tayar da nakiyoyin ruwa da sojojin Amurka suka dasa a gaɓar Biyetnam, amma Dst bai wuce kusan -125 ba, domin maganaɗisunsa bai zauna a kudu ba. Ba girin-girin ba, ta yi mai.

Wannan na 1972 yana tuna mini kada in yi wa sauran layukan rashin adalci. Yawan ƙwayoyi da gudu idan suka haɗu suna matse garkuwar maganaɗisun duniya. A al'ada bakin garkuwar yana nisan da ya kai ninki goma na rabin faɗin duniya, amma matsi mai ƙarfi kan turo shi ciki har ya wuce inda taurarin ɗan Adam na talabijin da sadarwa ke zaune, kilomita 36,000 daga ƙasa, su wayi gari a tsirara cikin iskar rana. Kuma abin da ke cutar layin wutar lantarki ba zurfin guguwa kaɗai ba ne, saurin canjin maganaɗisu ne. A 13 ga Maris 1989 cikin daƙiƙa 90 ko kusa da haka wutar lardin Kwibek na Kanada ta durƙushe, mutum miliyan shida suka yi awa tara a duhu. Don haka idan ka ga layin gudu da na yawan ƙwayoyi da Bt sun yi tsalle a tsaye lokaci guda, wannan bugun farko ne, kuma shi kansa labari ne ko da Bz bai motsa ba.

Daren 10 ga Mayun 2024 na ga shafin ya yi aikin da aka gina shi dominsa. Tun ranar 9 cibiyar ta fitar da sanarwar a zauna cikin shirin G4, irinta ta farko tun Janairun 2005, saboda wani gungun tabon rana mai lamba 3664 ya yi ta amai ɗaya bayan ɗaya. Tsakanin ƙarfe huɗu da rabi da biyar na yamma agogon GMT, layukan da suka wuni a kwance suka miƙe tsaye. Gudu ya tashi daga ɗari huɗu da wani abu zuwa wajen ɗari bakwai. Jan layin ya fara hauka, ya nutse ya taso, ya sake nutsewa, har zanen ya sauya ma'auninsa don ya iya ɗauke shi, abin da ya yi kama da tsauni da rana ya koma ɗan tudu. Bt ya haura 70. Bz ya taɓa kusan -50. Na yi ɗan lissafina a gefen takarda ya ba ni talatin da wani abu, lambar da ban taɓa rubutawa ba. A rediyo kuma, tashoshin da siginarsu ke bi ta can arewa suka fara rawar murya, wani irin karkarwa mai sauri kamar mai magana yana cikin ruwa, sannan suka ɓace ɗaya bayan ɗaya. Kafin tsakar dare aka ayyana G5, ta farko tun Oktoban 2003, Dst ya wuce -400, aka ga aurora, hasken nan mai launi da ke fitowa a sama da dare can kusa da ƙuryar arewa da kudancin duniya, har a Meziko da Namibiya. Manoma a tsakiyar Amurka suka ajiye taraktocinsu masu tafiya da GPS ana tsakiyar shuka. Washegari mita 13 da mita 16 shiru kake ji, sai shuuu. Duk wanda ke kallon jan layin ya riga sandar Kp sanin abin da ke faruwa, kuma ya san dalili.

Akwai wata dabara da shafin bai koya maka ba, sai yawan kallo. Gajimaren CME kashi biyu yake zuwa. Na farko shi ne tarkacen iskar da ya turo a gabansa, mai zafi, mai yawan ƙwayoyi, Bz na tsalle-tsalle babu tsari. Babu mai iya cewa ga inda zai nufa bayan minti biyar. Bayan wasu awoyi, idan an dace gajimaren ya bi ta kanmu sosai, sai ka ga layin zafi ya faɗi, Bt ya zauna a sama, jan layin ya daina zigzag ya koma santsi yana juyawa a hankali. To ka shiga cikin gajimaren kansa, wanda maganaɗisunsa a murɗe yake kamar igiya, kuma yakan ɗauki kusan kwana guda yana wucewa. A nan kaɗai ne mutum zai iya hango awoyi gaba da idonsa: idan layin na gangarowa a hankali daga arewa, kudu na tafe, kuma zai daɗe. Wannan ɓangaren ne ya fi yi mini daɗin kallo a duk shafin.

Ba kowace guguwa ce daga CME take ba. Akwai wuraren da ke bayyana baƙi a hotunan rana, ramukan korona, inda iska mai gudun 600 zuwa 800 ke fitowa ba tsayawa. Ita wannan ba ta cika wuce G1 ko G2 ba, domin Bz ɗinta kaɗawa yake yi sama da ƙasa, bai zama. Amma tana daɗewa kwanaki, kuma tana dawowa bayan kwana 27 idan rana ta kammala juyawa, shi ya sa hasashen cibiyar ya fi dacewa a kanta. A nan layin Phi da kowa ke tsallakewa yake da amfani. Russell da McPherron sun bayyana a 1973 dalilin da ya sa guguwa ta fi yawa a wajen Maris da Satumba: yadda duniya ke karkace a waɗannan watanni yana mayar da wani ɓangare na maganaɗisun iskar ya zama kudu a wurinmu. A Maris da Afrilu iskar da maganaɗisunta ke kallon rana ce ke cizo, Phi wajen 315. A Satumba da Oktoba kuma wadda ta ba rana baya, Phi wajen 135. Rami ɗaya, gudu ɗaya, amma wata ya bambanta sakamako.

Sai hasashen kwana uku, wanda a nan ne ya kamata mutum ya rage buri. Idan rana ta yi amai, na'urorin da ke rufe fuskarta su ɗauki hoton gefenta, irin ta kumbon SOHO da ke aiki tun 1995, suna ganin gajimaren yana buɗewa. Daga hoton ake ƙiyasta gudunsa da inda ya nufa, a zuba a wata manhajar lissafi mai suna WSA-Enlil, ta zana maka shi yana tafiya cikin launuka masu kyau har ya iso ɗigon da ke wakiltar duniya. Kallonsa na da ban sha'awa, amma abu biyu ya kamata a rubuta a ƙarƙashinsa da manyan baƙaƙe. Kuskuren lokacin isowa yakan kai awa goma gaba ko baya. Na biyu kuma ya fi muhimmanci: gajimaren da ke cikin wannan lissafin ba shi da maganaɗisun kansa. Wato abin da zai yanke hukuncin ƙarfin guguwar, shi ne ba ya cikin hoton. Ranar 17 ga Maris 2015 an yi hasashen G1, aka samu G4, guguwar da ta fi kowacce ƙarfi a wancan zagayen rana na shekara goma sha ɗaya. Akasin haka ma na faruwa, a yi ta shiri gajimare ya iso yana kallon arewa ya wuce salin-alin. Wannan ba sakacin ma'aikata ba ne, ilimin ne bai kai can ba tukuna. Abin da na yaba musu shi ne bayanin da masu hasashen ke rubutawa da hannunsu sau biyu a rana. A ciki suke faɗin abin da suke shakka a kai, ko gajimaren zai goge mu ne ta gefe, ko hotunan ba su fito sosai ba. Rubutun busasshe ne, cike da gajerun haruffan masana, amma ya fi kowane zane gaskiya. Da za su jawo shi shafin farko da sun kyauta.

Ma'aunin G ma yana da rufi. Kp ba ya wuce 9, saboda haka guguwar Mayun 2024 da ta Maris 1989, wadda Dst ɗinta ya kai -589, duk G5 ne a wurinsa, alhali akwai tazara. Ta ƙasa kuma yana iya sa mutum sakin jiki. A Fabrairun 2022 kamfanin SpaceX ya harba taurarin ɗan Adam na Starlink guda 49, guguwar G1 kawai ta dumama saman sararin iska ya kumbura, 38 daga cikinsu suka kasa hawa suka dawo suka ƙone. Dst, wanda cibiyar Kyoto ta Japan ke haɗawa daga tashoshi huɗu, Hermanus da Kakioka da Honolulu da San Juan, ya fi nuna girman guguwa na gaskiya, amma ba a gaba-gaba yake a wannan shafin ba, sai ka nema. Haka kuma kusan duk bayanin illolin da ke ƙarƙashin G an rubuta shi ne da mutanen can arewa a rai: wace jiha za ta ga aurora, wane layin wuta zai ji jiki. Mai aikin awon filaye da GPS a yankunan da ke kusa da tsakiyar duniya, wanda damuwarsa ita ce rikicewar sigina bayan faɗuwar rana, ba zai samu amsarsa a lambar G ba, domin wannan rikicewar na faruwa ko da Kp na kwance.

Ga masu rediyo irina, shafin ya raba abu biyu da ake yawan cakuɗawa, kuma wannan kaɗai ya isa dalilin buɗe shi. Idan tashoshi suka ɗauke farat ɗaya da rana tsaka, mitoci masu manyan lambobi irin su mita 49 da 41 suka fi jin jiki, bayan rabin awa ko awa suka fara dawowa, wannan walƙiyar rana ce, R. Haskenta minti takwas yake yi a hanya, babu gargaɗin da zai riga shi. Idan kuwa mitoci masu ƙananan lambobi ne suka mutu, mita 13 da 16 da 19, suka kwana ɗaya ko biyu a haka, wannan guguwa ce, G, kuma jan layin ya riga ya faɗa maka tun jiya. Kafin intanet ta wadata, an daɗe ana karanta taƙaitaccen wannan rahoto a tashar agogo ta WWV, minti 18 bayan kowace awa. Abin dariyar shi ne ranar da ka fi buƙatar jin rahoton ita ce ranar da tashar ba ta kamuwa.

Kumbunan ma suna da irin wannan halin. A guguwar Oktoban 2003 ruwan proton ya rikita na'urar ACE mai auna gudu, ta riƙa aiko da lambobin da ba su da alaƙa da abin da ke faruwa. DSCOVR ya yi fiye da wata takwas a kwance daga Yunin 2019 zuwa Maris 2020, tsoho ACE ya riƙe gadin, DSCOVR ɗin kuma ya sake tsayawa a Yulin 2025. A Satumban 2025 aka harba sabon kumbo, SWFO-L1, wanda tun farko don wannan aikin gadin aka ƙera shi. A zanen kuma wani lokaci za ka ga giɓi, ko layin yawan ƙwayoyi ya faɗi ƙasa warwas na 'yan mintoci ya dawo. Idan layi ɗaya ya yi tsalle sauran ba su motsa ba, na'ura ce, ba rana ba. Sannan L1 ɗigo ɗaya ne a sarari mai faɗi, kumbon kuma kewaya ɗigon yake yi daga nesa, don haka abin da ya auna ba kullum ne daidai abin da zai same mu ba.

Yawancin manhajojin waya masu sanar da guguwar rana daga nan suke ɗibar bayanansu, domin cibiyar ta bar su a buɗe ga kowa. Wasu sun fi shafin asali kyan gani a ƙaramin allo, wannan gaskiya ne, zanen iskar rana a waya sai ka kwantar da ita ka kuma ware yatsu. Amma na cire wata daga wayata saboda kowace walƙiya sai ta yi ƙara da jan rubutu kamar duniya za ta tashi, alhali walƙiya da yawa ba sa tare da amai, masu aman ma ba duka ke nufo mu ba. Sanarwar imel ta cibiyar ta fi natsuwa. Kyauta ce, kai ke zaɓar abin da za a aiko maka, kuma hawa uku ce: ta shiri, wadda ke zuwa kwana ɗaya zuwa uku kafin lokaci, ta gargaɗi idan an ga abu a L1, da wadda ke cewa an riga an kai mataki kaza. Shawarata kada ka yi rajistar komai da komai. A ƙiyasin hukumar kanta, G1 na faruwa a kwanaki kusan 900 cikin kowane zagayen rana, G5 kuwa kwana huɗu. Wanda ya kunna sanarwar Kp 4 da 5 zai gaji ya daina buɗewa kafin babbar ta zo. Ni na bar ta shiri daga G2 zuwa sama, da ta bugun farko, sauran kuma idona ne.

Abin da zan roƙa a ƙara ba shi da wuya: layi guda a ƙarƙashin Bz da ke nuna gudu ninkin zurfin kudu, da ɗan agogo a gefe mai ƙirga awa nawa aka yi a ƙasa da -10. Lambobin duk suna hannunsu. Kafin su yi, buɗe zanen a kan awa shida, ba awa biyu ba, don a awa biyu kowace 'yar nutsewa kama da bala'i take yi, a kwana bakwai kuma babbar ma ɓacewa take yi.